Malam, Kai Yaranka Gindin Gawo

Ɗana malamin kimiyya a Mallawa, zo mu yi magana. Na ga kana zana saiwa da ganye a kan allo, yara suna kwafa da Faransanci, alhali gonaki sun kewaye makarantarka. Yaron da ya haddace sunan itace a littafi, ya kasa nuna shi a gonar mahaifinsa, bai yi karatu ba tukuna.

Fara da gawo. Shi ke kakkaɓe ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke tsanwa, ya sake tohowa da rani. Kada ka yi gaggawar faɗin amfanin haka. Ka tsayar da yaran ƙarƙashinsa su ɗebi ƙasa, su ɗebo wata daga fili, su gwada launi da laushi. Su tambayi mai gonar me ya sa geron gindin gawo ya fi na sarari, alhali inuwar kuka kan danne shuka. Amsar da yaro ya tono da hannunsa ba ta ɓacewa ranar jarrabawa.

Ka bi lokaci. A Oktoba, da komawa makaranta, a tuge wake ko gyaɗa su ga ƙulluttan da ke jikin saiwa, inda ƙwayoyin halitta ke sama wa shuka taki daga iska. Su tono ƙuduji su ga yadda yake manne wa saiwar gero yana tsotsonta. Da sanyi, kowane ɗalibi ya ɗauki itace guda, magarya, aduwa ko kalgo, ya riƙa auna kaurinsa da igiya yana rubuta ranar fure da ta 'ya'ya.

Ka sanar da su tarihinsu. Sassabin zamani, wato barin toho a gona ana yi masa aski maimakon sare shi, ya bazu tun shekarun 1980, har ya mayar da yankunan Magarya, Matamai da Mirriya ƙasar gawo. Kakanninsu ne suka yi aikin, don haka ka gayyaci dattijo ɗaya ya yi bayani da bakinsa.

Amma ɗana, 'ya'yan mutane amana ce. Ka nemi izinin mai gona, ku fita da sassafe da ruwan sha. Ka hana su zura hannu a rami, ka gargaɗe su kan nonon tumfafiya, domin yana cutar da ido.

Fita ɗaya a wata ta isa, in ka tsara ta. Allah Ya yi wa aikinka albarka.