Shin Rage Ci Butulci ne ga Ni'ima?

 Akwai tambayar da dattawa masu ciwon sukari ko hawan jini ke yawan kawo mana: shin mutum ya janye hannu daga akushi alhali Allah ya hore masa, wannan ba raina ni'ima ba ne? Tambayar tana da nauyi a ƙasar da ta ga yunwar 1984 da ƙarancin abinci na 2005. Wanda ya taɓa kwana da yunwa, ƙiba a idonsa alamar rufin asiri ce, mai masauki kuwa ba ya jin ya karrama baƙo sai ya ga ya kasa tashi.

Sai dai ni'imar da ke gaban mai ci guda biyu ce, abincin da kuma jikin da zai karɓe shi, kuma jikin nan amana ne da za a tambaye mu a kansa. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta kuma hana ɓarna a wuri guda. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba da Tirmizi ya ruwaito ya kasa ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Mun daɗe muna karanta shi a babin zuhudu, alhali gwargwado ne da aka auna wa kowa, har da attajirin kasuwa.

Likitoci sun gwada wannan gwargwado. A Amurka, a binciken da aka bayyana a 2002 kan mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, waɗanda aka ɗora kan rage nauyi da tafiyar minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. A Birtaniya, a binciken da aka bayyana a 2017, an sa masu ƙiba da ciwon bai kai shekara 6 a jikinsu ba kan kalori wajen 850 a rana na wata 3 zuwa 5, ƙarƙashin kulawar asibiti. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin ɗari sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba. Dalili shi ne kitsen da ya taru a hanta da tumbi yana hana insulin aikinsa, idan ya narke sai jiki ya farfaɗo, hawan jini ma ya sauka, zuciya ta samu sauƙi. Wannan magana ta mai ƙiba ce. Ramammen mai ciwon sukari, da mace mai ciki, da manomin da furarsa ba ta kai shi la'asar, ba su muke nufi ba.

Game da lokacin ci kuwa, jiki ya fi iya sarrafa sukari da safe a kan dare, mu kuma mun mayar da tuwo mai nauyi bayan isha'i, mu bi shi da shayi zagaye uku, kowane da sukarinsa. Amma kada a ɗauki agogo magani. A birnin Guwanzu na ƙasar Sin, a binciken da aka bayyana a 2022, an raba mutum 139 gida biyu, duka suna rage ci, kashi ɗaya kuma ba sa ci sai daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma. Bayan shekara ba a ga bambanci na a zo a gani ba tsakaninsu.

A nan ne wani zai ce, to ai azumi ya ishe ni magani, ya ƙi jin likita. Wannan ya fi tambayar farko haɗari. Wanda ya wuni bai ci ba sa'an nan ya sha ruwa da ƙosai da kunu mai sukari da lemun kwalba, bai rage komai ba. Mai allurar insulin kuwa, wuni da yunwa na iya kayar da sukarinsa har ya suma. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Sharja a 2009, ta kasa masu ciwon sukari gwargwadon haɗari, ta ce waɗanda haɗarinsu ya yi tsanani su sha azumi. Malamanmu na Malikiyya tun tuni sun wajabta sha ga wanda ke tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Sau da yawa abin da ke hana dattijo karɓar wannan rangwame kunyar maƙwabta ce, kuma ba a lissafa kunyar mutane cikin taƙawa.

Wanda likita ya yarje wa azumi, ya jinkirta sahur, ya tambayi yadda zai canja lokacin maganinsa, ya riƙa auna jininsa da rana, domin tsaga yatsa ba ya karya azumi. Idan awon ya sauka ƙasa da giram 0,70 a lita, ko ya haura giram 3, ya sha ruwa nan take ko da saura kaɗan magariba, ya rama bayan salla. Wanda ba a sa ran zai iya ramawa, an so ya ciyar da mudun Annabi guda a madadin kowace rana.