Igiya Ɗaya, Rayuka Huɗu: Hukuncin Hawan Dutse Don Nishaɗi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a kudancin ƙasar Urdun, watau Jodan, gabas da garin Aƙaba, akwai wani kwari cikin hamada da ake kira Wadi Rum. A tsakiyarsa akwai Jabal Rum, dutse mai tsawon mita 1,734 daga leɓen teku. Asalin wannan dutse yashi ne da ya daskare, shi ya sa iska da ruwa suka sassaƙe shi, ya cika da tsagogi da ramuka masu zurfi. Tun kaka da kakanni Larabawa makiyaya na wurin suna hawansa don farautar awakin dutse. A shekarar 1984 wasu Turawan Ingila, Tony Howard da Di Taylor da abokansu, suka zo suka bi sawun waɗannan hanyoyi, suka sanar da duniya. A 2011 kuwa hukumar UNESCO ta sanya kwarin cikin wuraren tarihi na duniya. Yanzu samari daga ƙasashe da yawa, har da Musulmi, sukan haɗa ƙungiya su tafi hawan wannan dutse, alhali ba farauta suke yi ba, ba fatauci ba. To, tambaya ita ce: shin ya halatta mutum ya kai ransa irin wannan wuri don nishaɗi kawai?

Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san siffarsa, saboda haka ga yadda ake hawan. Kowane mutum yana ɗaure da ɗamara a ƙugu, da hular kwano a kai. Igiya mai tsawon mita 50 ko 60 ita ke haɗa su. Na gaba yana hawa yana maƙala ƙarafa cikin tsagar dutse, yana zura igiyar a ciki, na ƙasa kuwa yana sakar masa ita kaɗan kaɗan. In na sama ya zame, hannun na ƙasa ne zai tsai da shi. Haka kuma dutsen yashi yana da wata ɗabi'a: in ruwan sama ya jiƙa shi ƙarfinsa yana raguwa ƙwarai, har wurin da aka dafa ya ɓalle a hannu. Don haka masana sukan dakata kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa.

Wanda ya ce haramun ne yana da hujja. Aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Gaskiya ne Abu Ayyubal Ansari, Allah Ya yarda da shi, ya bayyana a yaƙin Ƙusɗanɗiniyya cewa ayar ta sauka ne game da Ansar da suka so su bar ciyarwa saboda Allah su koma gyaran dukiyarsu, amma ƙa'idar malaman usulu ita ce ana lura da gamewar lafazi. Abu Dawuda kuma ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya kwana a kan soron da ba shi da rawani. In an yi gargaɗi a kan soro, ina ga dutsen da ya ninka shi sau ɗari?

Wanda ya ce halal ne shi ma bai rasa abin riƙewa ba. Alƙur'ani ya yi umurni da tafiya a bayan ƙasa da duban ayoyin Allah a cikin duwatsu, Suratu Faɗir ma a aya ta 27 ta ambaci zane-zanen duwatsu farare da jajaye masu launi dabam dabam, abin da mai hawan Jabal Rum yake gani da idonsa. Shari'a ta halatta sukuwa da iyo da kokawa, alhali kuwa babu ɗayansu da ya kuɓuta daga haɗari.

Abin da ke raba gardamar yana cikin littattafan fiƙihun Malikiyya. A babin aikin hajji, Mukhtasar na Shaihu Halilu ya daidaita tafiyar teku da ta tudu, sai fa in halaka ce ta fi rinjaye. Watau ma'aunin shi ne rinjayen zaton tsira. Wanda ya koyi aikin, ya gwada igiyarsa, ya ɗauki jagora ɗan gari, ya duba sararin sama, to rinjayen zatonsa tsira ne, hawansa ya halatta. Wanda ya tafi da jahilci, ko don a ce ya isa, ko ya hau dutsen yana jiƙe, wannan ya kusanci abin da ayar ta hana.

Sai dai akwai wani al'amari da ya fi wannan nauyi, shi ne na abokan tafiya. A ɗauka abokai huɗu ne a kan Jabal Rum. La'asar ta yi, saura kaɗan su kai ƙololuwa, amma ɗayansu ya galabaita, ruwan shansu ya kusa ƙarewa, ga saukowa tana gaba, wadda ake yi a rataye da igiya daga mataki zuwa mataki, kuma cikin duhu ba a gane hanya a tsakanin ramukan nan. Sai mafi ƙarfinsu ya ce a ci gaba, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ajali kuma ba ya gaba ba ya baya. Maganarsa gaskiya ce, amma an ajiye ta inda ba muhallinta ba.

A shekarar annobar Amwas, Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya kai Sargu a bakin iyakar Hijaz da Sham, aka gaya masa cuta ta ɓarke a gaba. Ya yi shawara da sahabbai, sa'an nan ya yanke a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya amsa masa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya kuma buga misali da makiyayin raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora su, da ƙaddarar Allah ya kora. Umar ba matsoraci ba ne. Ya juya ne domin rayukan da ke tare da shi amana ne a wuyansa.

Haka lamarin yake ga masu igiya. Da mutum shi kaɗai ne, da sai a ce tsakaninsa ne da Ubangijinsa, ko da yake ransa ma aro aka ba shi. Amma da zarar ya ɗaura igiyar ɗan'uwansa a ƙugunsa, ya zama kamar mutanen jirgin nan na hadisin Buhari, waɗanda in na ƙasa suka huda rabonsu kowa zai nutse. Shi ya sa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni in mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗaya. Wajibin shugaban nan ne ya auna tafiyar da ƙarfin mafi rauninsu. Wajibin mai rauni ne ya faɗi gaskiyar halinsa, domin wanda ya ɓoye gajiyarsa don kunyar abokai ya ha'ince su. Wajibin mai riƙon igiya ne kada hira ko ɗaukar hoto su ɗauke masa hankali, ko da na ƙiftawar ido ne.

Saboda haka abokan nan huɗu, in sun juya alhali suna hangen ƙololuwa, ba su yi asara ba. Dutsen yana nan inda yake, baɗi ma sa iya komawa. Wanda ya danne son ransa domin ɗan'uwansa ya koma wa iyalinsa lafiya, shi ne jarumin tafiyar, ko da ba a ɗauki hotonsa a bisa ƙololuwa ba.

Allah Ya ba jama'ar Musulmi ikon riƙon amana. Wallahu a'alamu.