Shukar da Ta San Iyakarta

Mai son ƙawata gidansa da ciyawa ko gora yakan fara da tambayar wacce ta fi kyau. A ganina akwai tambayar da ta riga wannan: wacce ce za ta tsaya inda aka dasa ta?

A ƙasarmu ta Madobi gamba kan tashi a dunƙule wuri guda, shi ya sa magabata suka mai da ita shaidar iyakar gona, a yanke ta kuma a saƙa zana. Gora ma haka take, 'ya'yanta a gindinta suke fitowa. Kacala kuwa ta sami gurbi a magudanan da ke kai ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, zuwa gonakin Kura da Bunkure. Saiwarta na bin ƙarƙashin laka, iska na kwashe irinta, har ta toshe hanyar ruwa. Manomin da ke can ƙarshen magudana shi tumatirinsa ke bushewa.

Duk da haka ba na ɗora wa tsiro laifi. Gambar nan mai ladabi, da aka kai ta arewacin Ostireliya domin kiwon shanu, sai ta mamaye daji, ta zama makamashin gobara mai tsanani. Ashe ladabin shuka ya dogara ga wurin da aka sa ta, alhaki kuma yana wuyan mai dasawa. Saiwa ba ta san katanga ba. Don haka kafin in dasa abin ado, sai na auna inda zai kai bayan shekara 10, da maƙwabcin da zai tarar a can.