Tawada a Yatsu Goma

Ƴan'uwa ɗalibai, tambayar da na kawo muku ita ce: ƙaryar da ba ta cuci kowa ba, ƙarya ce? A yatsuna na ɗauko wannan tambaya, daga wani ƙauye na gundumar Dungas, kuma har yau ban gama wanke ta ba.

Ina karatun lisans kan tafiyar da furoje a Damagaram, irin karatun nan na ƙafa ɗaya a aji, ƙafa ɗaya a wurin aiki. Jamusawa sun daɗe da wannan tsari. Faransa ta buɗe shi ga manyan makarantu a 1987, Ingila kuma ta fara ba da digiri ta wannan hanya a 2015, kana aiki ana biyanka, kana karatu. Namu dai staj ne: a tura ka wata ƙungiya ƴan watanni, in Allah ya taimake ka a ba ka kuɗin mai, a ƙarshe shef ɗinka ya ba ka maki. Wannan makin yana da nauyi, don da shi ake samun diflom, sau da yawa da shi ake samun aiki.

A aji an koya mana kadir lojik, teburin nan da aka ƙirƙiro wa hukumar agajin Amurka a 1969, mai jera manufa da ayyuka da ma'auni da shaida. An koya mana jadawalin Gantt, inda kowane aiki yake da sandarsa a kwance bisa watanni. Na so abin ƙwarai. A takarda komai yana da gidansa.

Ƙungiyar da ta karɓe ni tana kafa bankunan cimaka a ƙauyukan Magarya da Dungas, gundumar da aka cire daga Magarya a 2011. Kun san yadda bankin yake: a sayi hatsi da kaka yana araha, a kulle a magaza, a sayar wa mutanen gari da rangwame tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya koma kango, tiya ta yi tsada. Kafin a danƙa makulli, sai an horar da mata talatin yadda za su riƙe kaye da awo da kuɗi. Jadawali ya ce horon watan Yuli ne.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san mene ne Yuli. Noma ne. Muka iso da kat-kat, muka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin gawo, muka jira har rana ta take. Mata goma sha ɗaya suka zo. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, “Ɗana, ciyawa ba ta san taro ba.”

Da yamma shef ya miƙo mini takardar halarta da kwalin tawada. Gurbi goma sha tara babu kowa. Ya ce, “Ƙanena, cika mana.”

Ina so ku fahimce ni, mutumin nan ba ɓarawo ba ne. Kuɗin zaman matan da ba su zo ba, a gabana ya ƙara su cikin kuɗin hatsi, ko dala bai sa aljihu ba. Hujjarsa kuma ba ta banza ba ce. Ya ce, “In muka rubuta goma sha ɗaya, masu ba da kuɗi za su ce aikin ya gaza. Su tsayar da kashi na biyu, magaza ta zauna wayam, yaran garin nan su kwana da yunwa a watan Agusta. Kai kana son takardarka ta yi tsabta, ni ina son buhu ya iso. Wane ne mai tausayi cikinmu?”

Ban sami amsa ba. Ga kuma makina a hannunsa. Na dangwala yatsuna goma ɗaya bayan ɗaya, direba ya ba da tara. Kwana uku tawadar ba ta fita ba. Da na koma gida Inna ta ce, “Wai zaɓe aka yi ban ji ba?” Na yi dariya, amma tuwon ranar bai shiga ba.

Buhuna sun iso, bankin ya buɗe, mutane sun ci. Shekara guda ina gaya wa kaina cewa shef ya yi gaskiya. Na ce ai shaidar zur ita ce wadda take hana mai haƙƙi haƙƙinsa, tamu kuwa haƙƙi ta kawo. Na kuma tuna yaron maƙeri: shekaru yake yi yana zuga, ba ya gyara wa ubangidansa riƙon masaba. Wanda ya zo koyo, ina shi ina musu?

Da damina ta zagayo na koma staj na biyu a wuri guda. Sabon jadawali ya zo daga babban biro, an ƙara ƙauyuka shida wajen Malawa da Dogo-Dogo. Horo: watan Yuli. A gefe an rubuta dalili, wai bara a wannan watan an sami halarta ɗari bisa ɗari. Shaidar da aka kafa ita ce takardata.

Nan na ga wanda na cuta. Mata goma sha tara sun ba da amsa da ƙafafunsu, sun ce lokacin bai yi ba. Wannan amsar ita ce abu mafi daraja da furojen ya samu a ranar, ni kuma na shafe ta da yatsa. Mutanen babban biro ba sa zuwa gona, rahoto ne kunnensu, na toshe shi. Ga kuma bankin farko: kayensa ya rikice, don matan da aka zaɓa su riƙe shi suna cikin waɗanda na halarta a madadinsu. Yanzu ƙauyuka shida za su gaji kuskuren da takarda ta ce ba a yi ba.

Ƙasarmu ta taɓa ganin irin wannan rata tsakanin takarda da gona. Tun shekarun 1980 manoman Magarya da Matamai da Mirya suke barin tohon gawo a gonakinsu, abin da ake kira sassaben zamani, alhali rahotanni suna ta maganar hamada. Sai wajen 2005 masu bincike suka haɗa hotunan tauraron ɗan Adam da zagayen gonaki, suka ga itatuwa sun dawo. Shekara ashirin takarda ba ta san alherin da ke ƙasa ba. In tana iya makancewa haka ba da gangan ba, ina ga mun rufe mata ido da hannunmu?

Ban kai ƙarar shef ba, ban kuma tona shi cikin memwar ɗina ba. Wanda ya koya maka aiki yana da haƙƙin ka fara zuwa wurinsa. Bayan isha'i na same shi na ce, “Yaya, bana ba zan iya dangwalawa ba. Bari mu rubuta adadin da ya zo, mu rubuta dalili, mu roƙi a mai da horon bayan kaka.” Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, “In suka yanke kuɗin, kai za ka je ka gaya wa mai gari?” Na ce ni zan je. Ya ce, “To, rubuta.”

Mun aika. Har lokacin da nake wannan rubutu amsa ba ta zo ba, makina ma bai fito ba. Mai yiwuwa a yanke kuɗin, tsoron shef ya tabbata, in tsaya gaban mai gari ba ni da abin cewa. Shi ya sa ba zan ce muku gaskiya kullum tana biya ba. Abin da na gane shi ne, da muka ce ƙaryarmu ba ta cuci kowa ba, waɗanda muke gani a gabanmu kawai muka ƙirga. Matan Malawa ba sa kan tabarmar a ranar.

Da yawanku za su fita staj bana. Wani zai miƙo muku kwalin tawada, kuma wataƙila mutumin kirki ne, da hujja mai kyau. Kafin ku dangwala, ku tambayi kanku wa zai karanta takardar nan baɗi, kuma me zai gina a kanta.