Kyanwa Da Ɗanyen Nama: A Wuyan Wa Alhakin Ya Ke?

 

Wani ɗalibi ɗan Faskari da ke karatu a Ingila ya aiko da tambaya. Ya ce akwai kyanwa a gidan da ya ke haya, ran nan ta hau tebur ta cinye ɗanyen naman aladen maƙwabcinsa, irin wanda Turawa ke yankawa falle-falle su cika shi da gishiri su kyafe. Shin ta zama najasa, har ya hana ta shiga ɗakinsa?

Amsa ita ce kyanwa ba mukallafa ba ce, babu halal babu haram a kanta. A mazhabarmu ta Malikiyya duk dabba mai rai tsarkakakkiya ce, kuma hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ya nuna cewa kyanwa ba najasa ba ce, domin tana cikin masu kai da kawowa a gidajenmu. Sai dai idan an ga najasa a bakinta lokacin da ta sa shi cikin ƙwarya, to, a yi hukunci da abin da aka gani, kamar yadda ya zo a Muhtasar. Sayen naman alade kuwa, ko don dabba, bai halatta ba, domin Annabi (S.A.W.) ya haramta cinikinsa a shekarar buɗe Makka.

Ta wajen lafiya, gishiri da hayaƙi ba dahuwa ba ne. Ɗanyen naman alade ya kan ɗauki wata tsutsa da likitoci ke kira tirikinela, ko da ya ke ta yi ƙaranci a ƙasashen da a ke binciken nama sosai. Yawan gishirinsa da kitsensa sun fi ƙarfin cikin kyanwa, sukan jawo mata amai da zawo da ƙishirwa. Sai ya ajiye mata ruwa, in aman ya ƙi tsayawa a kai ta wurin likitan dabbobi.

Amma tambayar nan ta fi shafarmu mu da mu ke gida. Babu mai kasa naman alade a kasuwannin Ƙanƙara ko Sheme ko Sabuwa, alhamdu lillahi. Abin da mu ke da shi shi ne mushe. Kaza ta kwana da mura ta mutu, a jefa wa mage. Mahauci ya ga huhu ko hanta da ƙuraje, ya wurga wa muzurun mayanka. An zuba shinkafar ɓera a rumbu, ɓeran ya fito yana tangaɗi, kyanwa ta kama a ce ta samu rabonta. In ka yi magana a ce maka ai malamai sun halatta. Gaskiya ne malamanmu da yawa sun sawwaƙe a jefa wa karnuka mushe. Sai dai abin da su ka amsa shi ne hukuncin amfani da najasa. Ba su ce mutum ya miƙa wa dabbar da ke ƙarƙashinsa abin da ya san zai cuce ta ba. Mas'alolin biyu ne, kuma mu kan fake da ta farko don mu guje wa ta biyu.

Ku duba hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, wanda Buhari da Muslim su ka ruwaito. Laifinta shi ne ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Watau duk dabbar da ka jawo jikinka, cikinta ya zama amana a wuyanka. Manomin da ya ajiye kyanwa don ta tsare masa rumbun masara da dawa ya ɗauke ta aiki ne. Wane irin ubangida ne zai biya ɗan ƙodagonsa da abin da shi kansa ya ke toshe hanci in zai ɗauka? A ganina mai yin haka shara ya zubar, ya kuma sa mata suna sadaka. Ɗalibaina na Larabci sun san cewa Huraira tasgiri ne na hirra, watau 'yar kyanwa, kuma da alkunyar nan duniya ta san sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi.

Na san wani zai ce, Malam, 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, mutane na neman abin sa wa a baka, kai kuwa kana zancen mage. To, a saurara, domin cutar ba ta tsayawa a kan magen. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna toksofilasma, wadda aka gano a Tunis a 1908, aka kuma tabbatar a 1970 cewa cikin hanjin kyanwa ta ke hayayyafa. Kyanwa na ɗaukarta daga ɗanyen nama ko ɓera ko tsuntsu, sa'an nan ta yi mako ɗaya zuwa uku tana zubar da ƙwayayenta cikin kashi, alhali ana ganinta lafiya lau. Mai ƙoshin lafiya sau da yawa ba zai ma san ya kamu ba. Amma macen da ta fara kamuwa tana da juna biyu, ta kan yi ɓari, ko ta haifi jinjiri da lahani a ido ko a ƙwaƙwalwa. Idan kuma kashin ya gauraya da harawa ko dusa, tumaki da awaki su yi ta zubar da ciki, mai su ya tafi yana zargin maƙwabcinsa da sammu. Haka murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a wata gonar kaji kusa da Jaji cikin Fabrairu 2006: an tabbatar tana kashe kyanwar da ta ci mushen kaza mai ita. Talaka ne ya fi kowa asara a nan, shi da akuyarsa biyu ke nan dukiyarsa.

Hana ɗanyen nama kaɗai ba zai raba kyanwar ƙauye da cutar ba, tun da farauta sana'arta ce. Saboda haka a riƙa kwashe kashinta kullum, domin ƙwayayen ba sa iya kama mutum sai sun yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje. Kada mai ciki ta yi wannan aiki, mijinta ko wani babba ya yi, ya wanke hannu da sabulu. A rufe randa da akushi, a ɗaga harawa sama. Dabbar da ta mutu da ciwo a haƙa rami mai zurfi a binne ta, ɓeran da ya ci guba shi ma haka. Tarkacen nama mai lafiya, kamar na ranar layya, a tafasa shi da ruwa zalla har ya nuna ciki da waje kafin a ba ta. Kada a sa gishiri, kada a sa albasa ko tafarnuwa, domin su biyun nan suna lalata jinin kyanwa ko da an dafa su.