Littafin Bashin Mai Shago Bayan Rasuwarsa

 

'Yan uwa, a ƙaramin gari rasuwar mai shago takan taɓa kowane gida. Da baffanmu ya rasu, mai tireda a bakin tasha, tabarmi ba su ishi 'yan gaisuwa ba. Wannan ya ce bai taɓa tauye mudu ba, wancan ya ce ba ya korar yaron da aka aiko da kuɗin da bai cika ba. Duk gaskiya suka faɗa, Allah Ya jiƙansa. Sai dai a cikin masu yabon akwai waɗanda sunansu ke rubuce a littafin nan na ƙarƙashin kanta, ga sukari, ga taliya, ga man gyaɗa, "a rubuta sai ƙarshen wata". Sun yi addu'a, sun shafa, sun tashi, babu wanda ya ce wa magada uffan.

To ka sani, ɗan uwa, bashi ba ya bin mai shago cikin kabari. Ranar da ya cika, kuɗin nan ya tashi daga nasa ya zama na matarsa da 'ya'yansa, har da jaririn da ke goye. Jiya dattijo mai kawaici ne ke binka, yau marayu ne, kuma ka san abin da aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta tanadar wa mai cin dukiyarsu. Ba na cewa cin bashi abin kunya ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Idan babu a hannunka, je ka faɗa, aya ta 280 ta Baƙara ta umarci a yi wa wanda ke cikin ƙunci jinkiri. Wanda nake tsoratarwa shi ne mai cewa a ransa, "ai Baffa bai rubuta nawa ba".

Ku kuma magada, littafin yana da ɗaya fuskar. Mai shagon ƙauye da wuya a ce duk kayan da ke kan kantarsa nasa ne. Yakan saro wasu a Kasuwar Singa ta Kano, ya biya rabi, sauran sai an sayar. Akwai tsohuwar da ta ba shi ajiyar kuɗin akuyarta, akwai zubin adashin da ya kwasa bai gama biya ba, akwai kuɗin hayar shago. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shehu Khalil, sun jera abin: a fara fitar da haƙƙin da ya rataya da wani kaya takamaimai, irin jingina, sai kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya daga cikin sulusi, sannan gado. Ajiya kuwa tun asali ba dukiyarsa ba ce, mai ita za a mayar wa. A jerin nan ban ga shinkafar sadakar bakwai ko ta arba'in ba, amma sau da yawa ita ake fara ɗiba daga shagon, dila yana can yana jiran kuɗinsa.

Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wata gawa, Manzon Allah (SAW) ya tambaya ko ana bin mamacin bashi. Aka ce dinari 3, kuma bai bar abin biya ba. Sai ya ce sahabbai su sallace shi, shi bai shiga ba, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauke bashin a kansa. Dinari 3 kacal.

Labarin da na fi so magada su riƙe shi ne na Zubair ɗan Awwam, wanda aka kashe a shekara ta 36 bayan Hijira, lokacin Yaƙin Raƙumi. Mutane kan kawo masa ajiya, shi kuma ya karɓa a matsayin rance, don idan ta salwanta ya zama shi zai biya. Kafin rasuwarsa ya yi wa ɗansa Abdullahi wasiyya da bashin. Da aka lissafa ya kai dirhami 2,200,000. Abdullahi ya sayar da gonarsu ta Gaba, kusa da Madina, ya biya. 'Yan uwansa suka ce to a raba gado. Ya ƙi. Sai da ya yi shekara 4 yana shela a taron aikin Hajji, duk mai bin Zubair ya zo, sannan ya raba. Mu ba a ce mu jira shekara 4 ba, garin namu bai kai haka ba. Sanarwa a masallacin Juma'a da ranar kasuwa, da kiran waya ga dilolin da yake hulɗa da su, sun isa. Sanarwar bakin kabari kaɗai ba ta wadatarwa, domin wa zai buɗe baki ya ce yana bin gawa bashi alhali ana cikin hawaye?

Sai maganar babban ɗa. Mabuɗi yana hannunsa, washegarin uku ya buɗe shago, shekaru su wuce ana kiransa shagonsa. A'a, Malam. A kira dattawa biyu, a ƙirga kaya buhu-buhu, katan-katan, a yi musu kuɗi, a rubuta. Matar mamaci tana da tumuni idan akwai 'ya'ya, 'yan matan da ke gidan aure suna da rabonsu. In sun yarda ka ci gaba da juya dukiyar, a yanka maka ladan aikinka ko kasonka na riba, kowa ya sani. Haka nan yafiya: baligi yana iya yafe wa waɗanda sunansu ke cikin littafin bashin rabonsa, kuma ina kwaɗaitar da shi ga hakan idan talakawa ne. Rabon ƙananan yara kuwa babu wanda ke da ikon yin kyauta da shi, ko uwarsu, ko waliyyinsu.

Idan kun ga suna a cikin masu bin mamaci, kuka nemi mutumin da magadansa har kuka gaji, malamai sun ce a yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je gare shi. In ya ɓullo daga baya, a faɗa masa abin da aka yi. Ya yarda, shi ke nan. Bai yarda ba, a biya shi kuɗinsa.