Epikur: wadar zuci da tsoron mutuwa

A harshen Faransanci, sunan Epikur ya zama laƙabin mutum mai kwaɗayi, wanda ba shi da aiki sai ci da sha. Wannan laƙabi bai yi wa mutumin adalci ba. An haife shi a tsibirin Samos na ƙasar Girka a shekara ta 341 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wajen 306 ya sayi lambu a birnin Atina, inda ya tara almajirai, har da mata da bayi, abin da ba a saba gani ba a makarantun zamanin. Abincinsu gurasa ce da ruwa, ranar da aka samu ɗan cuku kuwa an yi biki.

Gaskiya ne ya koyar da cewa jin daɗi shi ne manufar rayuwa, sai dai daɗin da yake nufi shi ne jiki ya huta da ciwo, zuciya ta huta da fargaba. Don haka ya kasa sha'awa gida uku: wadda take ta ɗabi'a kuma ta dole, kamar ci da tufa da abota, wadda take ta ɗabi'a amma ba dole ba, kamar abinci mai maiƙo, sai ta banza, wato neman suna da mulki. Ta farko tana da iyaka, domin ciki yana cika. Ta ƙarshe ba ta da gindi, ko me aka zuba mata sai ta nemi ƙari.

Mai suka zai ce da sauƙi mai lambu da bayi ya yi wa'azin wadar zuci, alhali talaka bai zaɓi gurasa da ruwa ba. Sukar tana da ƙarfi, kuma ba ta ɓacewa. Amma Pulutark ya ruwaito cewa lokacin da Demetiriyus ya yi wa Atina ƙawanya, yunwa ta kama birnin, Epikur ya riƙa ƙidaya ƙwayoyin wake yana rabawa tsakaninsa da abokansa. Ashe ya san rashin da ba zaɓi ba ne.

Batun mutuwa ya fi wuya. Ya gaji ra'ayin Demokirit cewa kome daga ƙananan ƙwayoyi aka yi shi, har rai, kuma idan an mutu sai su watse. Tunda ba wanda zai saura ya ji zafi, a ganinsa tsoron ba shi da tushe. Wanda ya yi imani da lahira zai ƙi wannan hujja tun daga tushenta. Ko wanda bai yi ba zai lura da giɓinta: uban da ke tsoron mutuwa sau da yawa marayun da zai bari yake tunani, ba kansa ba.

Epikur ya rasu a 270, bayan tsakuwa ta toshe masa fitsari har kwana 14. A wasiƙarsa ta ƙarshe ya ambaci tsananin ciwon, ya ce tuna hirarrakin da ya yi da abokai ne yake sanyaya masa rai, sannan ya roƙi a kula da ƴaƴan abokinsa Metirodor, wanda ya riga shi mutuwa. A cikin wasiyyarsa ya tanadi abin rainonsu, ya bar makarantar a hannun almajirinsa Hermak, ya kuma ƴanta bayinsa huɗu.